Suzin da Hassan Yake Nema

Na yi wauta iri-iri a rayuwata, kuma yawancinta a bakina kuka ji ta, don ni ba na jira wani ya riga ni tona kaina. Ni ne na taɓa tuƙo babbar mota daga Gusau har Funtua, sai da aka buɗe baya za a sauke kaya na tuna ba a yi mini lodi ba. Ni ne na yi wata uku a ajin yaƙi da jahilci ina rubuta sunana daga dama zuwa hagu, ina musu da malamin cewa shi ne bai iya ba. Waɗannan duk na mayar da su abin hira a tasha. Akwai guda ɗaya da ban taɓa ba kowa dariya da ita ba, ita zan rubuta muku yau, ku 'ya'yana da jikokina, don na san kun tsince ta gutsi-gutsi a bakin mutane, kowa da gishirin da ya ƙara. Wautar hawa biyu ce. Ta farko na yi ta gemuna bai gama fitowa ba, ta biyu na yi ta da furfura, kuma ta biyun ce ta tona ta farkon.

A lokacin ba a daɗe da yanke mana jiha daga Sakkwato ba. Ido ya fara yi mini gardama, na ajiye tuƙi, na kafa rumfa a bakin titi a Tsafe ina sayar da baƙin mai da tsofaffin tayoyi. Hassan, ɗanmu na fari, yana Turai. Ya gama karatun Zariya, aka ce kansa ya yi kyau, aka wuce da shi can. Da yake ni karatuna na tafiyar kunkuru ne, Innarku Hajara kuwa ko alif na boko ba ta sani ba, ba wasiƙa yake aiko mana ba, kaset yake cikawa da magana. In ya iso Gusau direbobi su miƙo mini, bayan la'asar mu zauna a tsakar gida mu kunna rediyo, ni da Hajara da Gambo, ƙanwarsa mai bi masa, mu saurara. Mu ma mu cika namu mu mayar.

Ni kuwa a tasha babu aikin da ban ba Hassan ba. Yau in ce jirgin sama yake ƙerawa, gobe in ce likita ne mai fiɗa. Rannan mai shayin tashar ya tare ni a gaban jama'a ya ce, "Ɗanjuma, wai ɗan nan naka guda nawa ne? Wanda ke yanka mutane daban, mai ƙera jirgi daban?" Aka yi ta dariya. Haushin wannan ya sa a kaset na gaba na ce wa Hassan ya faɗa mini aikinsa da Hausar da zan iya maimaitawa ba a kama ni ba.

Amsar ta zo bayan wata biyu. Ya gai da kowa har awaki, sannan ya ce:

"Baba, kai direba ne, za ka gane. Akwai wani rami a nan ƙarƙashin ƙasa, an haƙa shi kamar zobe, zagayensa ya fi Gusau zuwa Bungudu. A cikinsa muke sako wasu ƙananan abubuwa, waɗanda ƙwayar gero a wurinsu ta fi dutsen Kwatarkwashi girma. Wasu mu sako su ta nan, wasu ta can, da gudun da mota ba ta taɓa mafarkinsa ba, mu sa su yi karo da gangan. Sannan mu zauna mu duba tarkacen."

Na tsayar da kaset ɗin na yi dariya har da hawaye. Na ce wa Hajara, shekara talatin ina kauce wa karo a kan titi, ashe ɗana an kai shi Turai ne ya koyi haɗa shi. Na sake kunnawa.

"Malamanmu suna zaton kowane ɗaya daga cikin ƙananan abubuwan nan da aka gina duniya da su, tagwaye ne. Ɗaya muna ganinsa kullum. Ɗan'uwan nasa ba a taɓa ganinsa ba, amma rashin ganinsa ba ya nufin babu shi. In aka yi karon ya fito, ba ya tsayawa, sulalewa yake yi ya fice ba wanda ya gan shi. Yadda ake gane shi, sai a duba abin da ya shiga da abin da ya fito, in aka ga giɓi, sai a ce to, wani ya fita nan a ɓoye. Sunan abin da Turanci dogo ne, ba zan wahalar da kai ba. Mu a nan Suzi muke cewa. In an tambaye ka a tasha, ka ce ɗanka Suzi yake nema, ita da ɗan tagwayen da ta ɓoye."

Goron da ke bakina ban san lokacin da na haɗiye shi ba. Gambo ta tafa hannu tana cewa Yaya ya samu baturiya. Hajara, wadda ba ta taɓa kama sunan ɗan farinta ba, ta ce, "In dai mutumin Turai aure yake so, Allah ya sa mai salla ce." Ni kuwa na kashe rediyon. Na san Suzi. A duk gidan nan ni kaɗai na san ta.

Dole in mayar da ku baya. Kun taso kun san Hassan tagwaye ne, kun san sunan Gambo ma daga nan ya samo asali, kuma an gaya muku Husaini ya rasu yana jariri. A Kucheri aka haife su, gidan iyayen Hajara, inda ta je haihuwar fari. Bayan suna zazzaɓi ya kwantar da ita, nono ya ƙafe, har aka fara fid da rai. Yayata Kande da ke aure a Bungudu tana da goyo, ta karɓi Hassan. Husaini shi ne ƙarami, ba ya da ƙwari, na ɗauko shi na kawo asibiti Gusau. A lokacin ina jigilar auduga zuwa tashar jirgin ƙasa, na saba da wani akawu mutumin gabas, Kirista, mai yawan dariya, wanda ban taɓa kiransa da komai ba sai Oga Akawu. Matarsa ta haihu bai fi sati biyu ba ɗan ya koma. Da ta ga abin da nake rungume da shi a cikin tsumma, ba ta tambaye ni komai ba, ta karɓe shi ta sa masa nono. Mijin yana kiranta Suzi. A Kucheri dai abin da aka sani shi ne wata matar akawu tana shayar da yaron.

Wata uku yana hannunta, ya yi kumatu. Sai ƙasa ta rikice, rikicin nan da ya sa mutanen gabas suka bar arewa da abin da hannu zai iya ɗauka. Da safe na ɓoye su a tsakanin buhunan auduga na kai su bakin jirgi. A ƙofar tarago Suzi ta miƙo mini yaron, ya ƙanƙame rigarta yana tsala ihu. Na dube shi, na tuna uwarsa tana kwance, Yaya Kande da ƙyar take ƙosar da biyu. Na ce su tafi da shi, in ƙura ta lafa zan zo in ɗauko. Oga Akawu ya yagi takarda ya rubuta sunan garinsu ya danƙa mini. Jirgi ya tashi.

A lokacin ban iya karatu ba. Kunyar in kai wa wani ya karanta ya gane abin da na yi ta sa na cusa takardar a aljihun riga, rigar kuma ta shiga wanki da ita. Da na isa Kucheri na tarar Hajara ta fara tashi zaune, surukina da malaman unguwa suna zaure, aka ce ina yaro? A hanya na shirya faɗar gaskiya. Amma na dubi rawunan nan, na rasa bakin da zan ce na ba Kirista ɗan Musulmi sun tafi da shi inda ban sani ba. Sai na ji bakina ya ce, "Allah ya karɓi abinsa, an binne shi a bayan asibitin Gusau." Aka yi salati. Aka yi mini gaisuwa kwana uku, ina amsawa da sunkuyar da kai. Tun daga nan kowace Juma'a Hajara take toya waina ta raba sadaka don yaron, ni kuma in na dawo daga masallaci in ci biyu ko uku da zafinsu.

Zan faɗi wani abu, don kada wani ya gyara mini shi bayan raina. Bayan an gama yaƙin basasa na sha kai albasa da shanu har ƙetaren babbar gadar gabas. Na kwana a tashoshinsu, na ci abincinsu. Ban taɓa buɗe baki na tambayi kowa ba. Wani lokaci tsoron in same shi ya mutu ne yake hana ni, wani lokaci tsoron in same shi da rai.

To, ku dubi halin da kaset ɗin nan ya same ni. Ɗan tagwayen da ba a gani ba amma yana nan. Ya sulale ba wanda ya gan shi. An duba an ga giɓi. Ga kuma Suzi da sunanta. Na ce a raina, yaron nan ya san komai, zancen rami da karo duk kara ce yake yi wa ubansa, ya lulluɓe maganar don kada uwarsa ta gane. Mutum ɗaya na taɓa gaya wa a duniya, Yaya Kande, ranar da ciwon ciki ya sa na ɗauka mutuwa zan yi. Washegari na hau mota sai Bungudu.

Na same ta tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗakinta. Ko gaisuwa ban gama ba na ce, "Yaya, ke kika gaya wa yaron ga?"

Ta ce, "Wane yaro, mi kuma nig gaya mai?"

Na kunna mata kaset ɗin a rediyon da na rungumo tun daga Tsafe. Ta saurara har ƙarshe, ta sa na maimaita. Hannunta ya tsaya a cikin gyaɗar.

"Ni ban hwaɗa ba," in ji ta. "Shekara nawa ina riƙe da ƙazantarka kamar garwashi cikin zane, sai yanzu da nika jiran kabari? Amma wanga yaro ya sani. Ka ji wai giɓi. Turawan nan babu abin da ba su tonowa, wataƙila can yag gamu da ita."

Na ce to yanzu ya zan yi?

"Da kac ci wainar mutane shekara talatin ni ka tambaya? Tai ka hwaɗa wa Hajara da bakinka tun bai zo ya hwaɗa mata ba. In taj ji ga ɗanta, kai da ita har abada."

Kun ga ba ni kaɗai ne wawa a zuriyarmu ba, amma ita aƙalla shawararta mai kyau ce. Ban bi ba. Wata huɗu ina kwana da maganar ina tashi da ita. Na rame har mai shayi ya daina tsokanata. Duk Juma'a in na ga kaskon waina sai in ce cikina ba daɗi.

Hassan ya zo hutu da damina. Ya yi ƙiba, ya sa tabarau, ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum. Kwana biyu ina jira ya tayar da zancen, bai tayar ba, sai labarin sanyi da jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Na ce a raina, lallai boko ya koya wa yaron nan mugunta, so yake in dahu a hankali. Rana ta uku bayan azahar muna gindin dogon yaro a tsakar gida, Hajara tana tsintar shinkafa a faranti, Gambo tana yi wa 'yarta kitso. Na kasa daurewa. Na ce, "Hassan, ka gano Suzin?"

Ya yi murmushi, da alama ya ji daɗi na riƙe sunan. Ya ce, "Ba mu gano ba tukuna, Baba. Amma kowace shekara muna rage mata wurin ɓuya. Duk inda muka duba ba mu gani ba, sai mu rubuta, nan mun duba, ba ta nan. Na bayanmu ba sai sun sake wahala a wurin ba. Shi ma aiki ne."

Na ce, "To ka daina wahala a ramin Turawa. Gabas ta yi, a jirgin safe. Ni na sa ta a ciki."

Daga nan ban tsaya ba. Na faɗi buhunan auduga, na faɗi ihun yaron a ƙofar tarago, na faɗi takardar da ta narke a wanki, na faɗi zauren Kucheri. Idona yana ƙasa, ina jira ya ce ai na sani. Da na ɗago sai na ga ya cire tabarau, bakinsa a buɗe kamar wanda aka mara yana barci.

Ya ce, "Baba, wace Suzi kake magana?"

Na ce wadda kake nema mana, mai ɗan tagwaye.

Ya mayar da tabaraunsa. Sannan ya tsinci kara ya rubuta haruffa huɗu a ƙasa. Ya ce, "Ba mutum ba ce. Sunan lissafi ne aka gajarta. Tagwayen da na ce, ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. Na ce tagwaye ne don in sauƙaƙa maka." Ya dubi haruffan, ya dube ni. "Kana nufin Husaini bai mutu ba?"

A nan na gane babu wanda ya kama ni. Ni na kawo kaina, na ɗaure kaina, na miƙa igiyar. Gambo ta saki gashin yarinyar ta toshe bakinta. Na jira Hajara ta yi kururuwa ko ta jefe ni da farantin, da hakan ya fi mini sauƙi. Ba ta yi ba. Ta cire wata tsakuwa daga cikin shinkafar ta ajiye gefe, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Malam, da ransa ka ba da shi?"

Na ce da ransa.

"Yana shan nono?"

Na ce yana sha, har ya yi kumatu.

"Kabarin da ka ce yana bayan asibiti fa?"

Na ce babu.

Ta ajiye farantin a hankali, ta shiga ɗaki ta ja labule. Da la'asar ta fito da ƙullin kayanta, Hassan ya raka ta tasha ta tafi Kucheri, garin da iyayenta suka daɗe da barin duniya.

Sauran hutun Hassan a kan hanya ya ƙare. Ya bi tsofaffin ma'aikatan jirgi a Gusau ɗaya bayan ɗaya. Kiristocin Sabon Gari sun yi masa kirki ƙwarai, aka yi cigiya a majami'unsu, wani dattijo mai shagon magani ya rufe shagonsa ya raka shi har gabas. Amma me za su ce suna nema? Wani akawu mai dariya, da matarsa Suzi, da wani mutum mai kama da shi Hassan. Ya ce mini a wata kasuwa a can ya yini yana kallon fuskokin mutane yana neman tasa. Ya dawo da littafi cike da sunayen garuruwan da suka shiga, kowanne ya ja masa layi. Bai zage ni ba, bai ɗaga mini murya ba. Kaset dai ya ci gaba da zuwa, amma daga nan da gaisuwar Inna yake farawa, tawa ta koma ƙarshe, gajeriya. Suzin tasu ta lissafi ma, ya ce har yau ba su gan ta ba, sun kwashe waccan na'urar sun sa wadda ta fi ta ƙarfi a cikin ramin, suna ta dubawa. Kuma duk zuwan da zai yi gida sai ya ware sati guda ya yi gabas.

Hajara ta yi kwana arba'in a Kucheri ta dawo. Ta ci gaba da dafa mini abinci, tana gaishe ni da safe kamar yadda ta saba. Kaskon waina ne ta kife a bayan ɗaki, ban sake ganin an ɗora shi ba har ta rasu. Ta ce ba a yi wa mai rai sadakar matattu. Na ɗauka iyakar hukuncin ke nan, har na fara samun bakin wasa a tasha.

Wata safiya ta kawo mini koko a zaure. Littafin nan na Hassan yana hannunta, ya bar mata shi duk da ba ta iya karanta ko layi ɗaya. Ta ajiye kwanon, ta tsaya tana shafa bangon littafin, ta ce:

"Shi mutumin Turai, abin da ba a taɓa gani ba ma yana rubuta inda ya duba. Kai da ka san naka yana nan, Malam, ina da ina ka duba?"

Ta ɗauki murfin kwanon ta koma ciki. Ta yi shekara tara bayan nan, kullum tana wuce ni a zauren nan.